A Duba Haƙora Kafin A Taɓa Haɓa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida domin in yi tsokaci a kan gyaran haɓar da ta shige ciki, wanda tallarsa ta cika shafukan sada zumunta, inda ake nuna hoton mutum ta gefe kafin allura da bayanta kamar magana ta ƙare ke nan.

Abin da ya kamata a fara tantancewa shi ne: haɓar ce kaɗai ƙarama, ko kuwa muƙamuƙin ƙasa ne gaba ɗaya ya koma baya? Ana ganin alama idan mutum ya rufe baki, haƙoran sama suka yi gaba sosai suka bar na ƙasa, leɓɓa kuma ba sa haɗuwa sai fatar haɓa ta yamutse. Mai irin wannan halitta yakan yi minshari mai ƙarfi, wani har numfashinsa ya riƙa ɗaukewa cikin barci, saboda harshe yana komawa baya ya tare maƙogwaro. Cusa wani abu a haɓarsa hoto kawai zai gyara. Shi kam aikinsa na likitan haƙora ne da na tiyatar muƙamuƙi, waɗanda za su ɗauki hoton ƙashi, sau da yawa su sa masa wayar daidaita haƙora fiye da shekara guda kafin su matso da muƙamuƙin gaba.

Idan haƙora suna zaune daidai, a nan ne zaɓi yake da yawa. Mafi sauƙi ita ce allurar sinadarin hayaluronik asid mai cike haɓar ta ƙarƙashin fata, wadda ake gamawa cikin mintuna, takan kai shekara ɗaya ko fiye kafin jiki ya shanye ta, kuma akwai maganin da ke narkar da ita idan ba ta yi kyau ba. Sauƙin nata ne ke ruɗin mutane, domin idan ta shiga jijiyar jini fata tana iya mutuwa, saboda haka ba aikin mai shagon kwalliya ba ne. Ruwan silikon kuwa, a guje shi ko da kyauta ne, don ba ya ciruwa.

Mai son abin da zai daɗe, ana iya sa masa ƙullin silikon mai tauri ta cikin baki ko ta ƙarƙashin haɓa, sai dai yana iya gocewa, ko wurin ya harbu, ko ya ci ƙashin da yake zaune a kai. Ni dai na fi gamsuwa da tiyatar da likitoci Richard Trauner da Hugo Obwegeser suka bayyana a 1957, wadda ake yanka ƙashin haɓa ta cikin baki, a zame shi gaba, a ɗaure shi (a yanzu da ƙaramin ƙarfen titaniyam), domin ƙashin mutum ne na kansa. Ita ma leɓen ƙasa yakan daina ji na makonni ko watanni, wani lokaci jin ba ya dawowa duka.

Ga maza, gemu ma yana rufe da yawa. Matasa kuma a dakata musu har ƙashin fuska ya gama girma, wato kusan shekara 18, ko ɗan fiye ga samari.

Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarka