Wasiƙa Zuwa Ga 'Yata A Kan Ginin Tukwane

Aboabo, Kumasi

Assalamu alaikum.

Zuwa ga 'yata, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Saƙonki ya iso. Na ji yadda gashin tukwanenki na farko ya lalace, na kuma ji kina shirin kwashe kuɗin adashinki ki sayi injin juya tukwane da maganin ƙyalli. Ki riƙe kuɗin nan tukuna. Ki koma matoya ki tsinto tsingaron tukwanen da suka fashe, ki wanke su, ki duba su da rana tsaka, domin su za su gaya miki inda aikin ya ɓaci.

In kin ga gindin tukunya ya ɓantale, ɓalli-ɓalli sun tashi daga wurin da ya fi kauri, to da sauran ruwa a jikinta aka sa ta a wuta. Ruwan ya zama tururi, ya rasa mafita, ya fasa. In tsaga ce doguwa, ki shafa bakinta da yatsa. Mai kaushi wadda hayaƙi ya shiga cikinta, tun wajen shanya ta fara, ido ne bai gan ta ba. Mai kaifi, mai tsabta, wajen hucewa ta faru, wato iska mai sanyi ta bugi tukunya tana da zafi. Akwai kuma wata ɓarnar da ba ta nuna kanta sai an kwana biyu: ƙananan ramuka a jikin tukunya, kowanne da farin ɗigo a tsakiyarsa. Wannan tsakuwar farar ƙasa ce da ta saura a cikin yumɓu. Wuta ta ƙona ta, daga baya ta sha laimar iska ta kumbura, ta ture abin da ke kanta. Duk cikin waɗannan babu wadda inji zai yi miki maganinta.

Daga yumɓu za ki fara gyara. Allah Ya sa kina zaune kusa da Afari da Mfensi, inda yumɓu mai kyau yake, amma ko mai kyau sai an gwada shi. Ki murza shi ya yi kaurin ɗan yatsa, ki naɗe a yatsanki. In ya naɗu bai tsage ba, yana da danƙo. In ya kakkarye, yashi ya yi masa yawa. Sannan ki yi ɗan falle, ki ja layi mai tsawon santimita 10 a kai, ki ajiye ya bushe. In layin ya dawo ƙasa da santimita 9, yumɓun yana tsukewa da yawa, kuma irinsa ne ke tsaga tukwane a wajen shanya. Tsakuwar da kika yi shakkarta, ki ɗiga mata ruwan lemun tsami; in ta yi kumfa, farar ƙasa ce, dole a tace yumɓun sosai. Kada ki karɓi yumɓun da aka kwaso daga ramukan 'yan galamsi, wato masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, komai arharsa, don masu wankin zinariya suna aiki da sinadarin makuri, ke kuwa abin cin abincin mutane kike ginawa.

Ki shanya yumɓun ya bushe ƙarau kafin ki jiƙa shi. Mai ɗanshi-ɗanshi ba ya narkewa da kyau, sai ya bar gudaji. Ki farfasa shi, ki zuba a ruwa kwana 2 ko 3, ki dama, ki tace da rariya, ki baza a kan buhu ya tsane. Sai haɗi, kuma a nan ne yawancin sababbin magina suke rowa. Tsingaron nan da kika tsinto, kada ki zubar. Ki daka shi, ki tankaɗe, ki riƙe wanda bai wuce ƙwayar gero ba. Shi ya riga ya sha wuta, ba ya ƙara tsukewa, yana kuma buɗe wa tururi hanya. Tukunyar girki da tandar masa da kaskon wuta, olonka 1, wato gwangwanin awo, na garin tsingaro a kan olonka 3 na yumɓu. Asanka kuwa, wato kaskon niƙa kayan miya, 1 a kan 4, kuma garin ya zama mai laushi, in ba haka ba mai niƙa barkono zai riƙa tauna tsakuwa. Randa tana son haɗi mai ɗan kaushi. Yashin rafi yana yi in babu tsingaro, amma kaɗan, domin ƙwayar yashi tana kumbura farat ɗaya idan zafi ya kai digiri 573, ta kuma tsuke a daidai nan wajen hucewa. Yashin bakin teku kada ma ki fara, gishiri ne da ɓawon katantanwa. Ki tattake haɗin da ƙafa har ya zama jiki ɗaya, ki yanka da zare ki duba ko da ramin iska, ki naɗe a leda ya kwana mako 2. Yumɓun da ya kwana ya fi biyayya a hannu.

Wajen gini, hanya biyu ce a gabanki, ki koyi duka. Maginan ƙasar Hausa da yawa sukan kifa tsohuwar tukunya, su barbaɗa mata toka, su shimfiɗa yumɓu a gadon bayanta suna bubbugawa har kaurin ya daidaita, sannan su cire su ɗora wuya da baki. Hatsarinta ɗaya ne: in kin bar shi ya daɗe a kan tsohuwar, zai tsuke ya rasa wurin tafiya, ya tsage. Da ya iya riƙe kansa ki cire. Matan Asante kuwa, irin na Pankrono da ke hanyar Mampong, sukan ajiye curin yumɓu a ƙasa, su huda tsakiyarsa, su riƙa jawo bango sama suna zagaya shi, da jiƙaƙƙen tsumma suke fitar da baki. A wurinsu sana'ar mata ce tun kaka da kakanni, saboda haka ki shiga cikinsu da ladabi, ki zauna ki kalli hannunsu. Kayan aikin duka ba su kai kuɗin mota ba: totuwar masara, sakaina, zoben ƙarfe na kankare ciki, da dutse mai santsi. Abin da za ki tsare shi ne kauri ya zama ɗaya daga gindi har baki, kada ya wuce na ɗan yatsanki. Duk inda za ki haɗa sabon yumɓu da wanda ya fara ƙarfi, ki karce wurin, ki shafa masa ruwan yumɓu, ki danne ciki da waje. Zanen cikin asanka ana yin sa ne sa'ad da jikinta ya yi tauri amma farce yana iya shiga. Da wuri zanen zai cushe, a makare zai ɓarɓashe.

Shanya a inuwa ake farawa, inda iska ba ta kaɗawa. Baki yana riga gindi bushewa, don haka ki rufe bakin da leda a kwanakin farko, da ya yi ƙarfi ki kifa tukunyar. Da hunturu ki ƙara rufewa, don iskar tana busar da waje ta bar ciki. Da damina kuwa, a laimar Kumasi, babbar randa tana iya cin mako 3. Kada ki yarda da launi. Ki kara tukunyar a kuncinki. Muddin kina jin sanyi, da sauran ruwa. Sai ta daina sanyin nan ki fitar da ita rana, ranar gashi kuma ki kifa ta a kan garwashi mai laushi na awa 1 ko 2 har hannu ya kasa riƙe ta.

Ki yi gashi da asuba ko da yamma, lokacin da iska ta kwanta. Shimfiɗar itace a ƙasa, manyan tukwane a tsakiya a kife, ƙanana a kai, a rufe da manyan tsingaro, sannan itace da busasshiyar ciyawa. A kunna ta kowane gefe don wutar ta kama tare. Irin wannan wuta takan kai digiri 600 zuwa 850, ya kuma isa, domin tun wajen 600 yumɓu ya bar halin komawa laka. Ki leƙa ki ga jikin tukwanen ya yi ja kamar garwashi. Randa ki bar ta ta huce a cikin tokarta. Asanka da tukunyar miya, in kina son su baƙi, a ciro su da doguwar sanda da zafinsu a turbuɗe cikin garin katako. Ana samunsa a kasuwar katako ta Sokoban, amma ki guji na katakon da aka yi wa fenti ko magani. Wasu kuma makuba suke yayyafa wa tukunya mai zafi, tana toshe ƙofofin jikinta. Randa kam kada ki goge ta da dutse, kada ki yi mata makuba, don tsatsafar da take yi ita ce ke sanyaya ruwa. In sun huce ki ƙwanƙwasa kowacce. Mai ƙara garau ta gasu, mai amon kurma ko ta tsage ko ba ta nuna ba, ki mayar da ita turmi.

Maganin ƙyallin nan shi ya fi tayar mini da hankali. Wanda ke narkewa a ƙaramar wuta sau da yawa akwai dalma a ciki, kuma tumatir da lemun tsami suna jawo ta cikin abinci, ta cutar da ƙwaƙwalwar yara. Ƙyalli mai ƙarfi irin na tangaran yana buƙatar rufaffen murhu mai kaiwa digiri 1200 ko fiye. Baturen Ingila Michael Cardew ya yi fama da wannan aiki a Vume, bakin kogin Volta, daga 1945 zuwa 1948, kafin ya tafi Najeriya ya buɗe makarantar ginin tukwane a garin da ake kira Suleja yanzu. Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin naira 20, ta shiga makarantar a 1954, ta kuwa iso ne da gwanintarta ta ginin hannu, kuma randunan da suka fitar da sunanta da hannu ta gina su. Da aka yi musu ƙyalli aka gasa su a babbar wuta, sai suka zama na ado, sun yi nauyi, ba sa kuma sanyaya ruwa. In kina son wannan fanni nan gaba, akwai sashen koyar da shi a jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, wato KNUST, ba nisa.

A yanzu ki tsaya kan abin da zango ke nema kuma roba ba ta iya maye gurbinsa: kaskon turaren wuta na amare, tandar masa, asanka, da asusun yara. Ki gasa guda 10 ƙanana daga haɗi iri biyu, ki sa wa kowane haɗi alama a gindi, ki rubuta abin da kika zuba. In za ki kai kasuwar Kejetia, ki jera su da ciyawa a tsakani, kada ki bari yaran mota su ɗora kaya a kai. Ki riƙa gaya wa mai saye ya fara dama koko a sabuwar tukunya da ƙaramar wuta kafin ya ɗora miya.

Ki aiko mini da tsingaro uku ko huɗu ta hannun ƙaninki in ya zo ranar Juma'a, a haɗa da na gindi. Babanku yana gaishe ku. Ki gaida maigidanki da surukarki. Allah Ya yi miki albarka, Ya sa wa sana'ar albarka.

Wassalam,
Mahaifiyarki