Ka kawo min takardar kafin ka sa hannu

Ɗana Kabiru,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da abokin aikinka da kuke haɗa manhaja tare. Mu nan Agege lafiya lau, sai ƙafar mahaifiyarka da ta motsa saboda damina.

Fim ɗin da ka dame ni in kalla, na yadda aka kafa Facebook, na kalle shi daren Asabar. Ƙanwarka ce ta kunna min a kwamfutarta, tana yi min tafinta inda Turancin ya fi ƙarfina. Na san abin da ya burge ka: Mark Zuckerberg, yaro ɗan shekara 19 a jami'ar Harvard, ya ƙirƙiro a 2004 abin da yau har 'yan dako a kasuwar Mile 12 ta Legas suke dannawa. Ni kuwa idona yana kan amininsa Eduardo Saverin, wanda ya zuba kuɗin farko. Kamfani ya koma Kalifoniya, shi ya tsaya a New York yana neman masu ba da talla. Aka miƙa masa takardu, ya sa hannu, a zatonsa lauyan kamfani lauyansa ne. Daga baya aka ƙara hannayen jari ba a ƙara masa ba, kasonsa na kusan kashi 30 cikin 100 ya narke. Masu fim ba sa rasa ƙara gishiri, amma zuwa kotun da gaske aka yi.

A nan na ce ta tsayar da fim ɗin, don kaina na gani. A 1998 ni da wani aminina muka haɗa jari, muna ɗauko albasa daga Aliero zuwa Mile 12. Kuɗina ya fi yawa, amma ni ke bin mota, shi ke zaman rumfa. Ba takarda, ba shaida, sai "ai mun zama ɗaya". Ranar rabuwa aka fito da rasit ɗin rumfa, sunansa ne kaɗai a jiki. Dattawan kasuwa suka zaunar da mu, suka ce in kawo hujja. Na laluba aljihu, carbi kawai na taras. Ban ma ce mugu ba ne. Kuɗi ne suka shigo, kowa ya tuna alƙawarin yadda ya yi masa daɗi.

Ba hana ka nake yi ba. A Legas ɗin nan aka gina Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet, har takwaransa na Amurka, Stripe, ya saye shi a 2020 kan sama da dala miliyan 200. Amma tun manhajarku ba ta kawo ko kobo ba, ku yi wa kamfanin rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, a rubuta kason kowa, da wanda ya mallaki manhajar idan ɗayanku ya tafi. In abokinka ya ce rashin yarda ne, ka tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

Mutumin nan kuma da ka ce zai zuba muku kuɗi a Yaba, ka tambaye shi gaba da gaba: in wani mai kuɗin ya shigo gobe, kasona nawa zai koma? Ka nemi lauya naka na kanka, ni zan biya.

Ka zo ranar Juma'a bayan masallaci da takardar tasa. Mahaifiyarka ta ce za ta yi maka miyar kuka.

Mahaifinka