Malam Mai Zane, Ba Mu Ne Muka Yi Barci Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a shafin wasiƙu kan zanen barkwancin da jaridarku ta buga makon jiya: ma'aikacin laburare ya kifa kai a tebur yana sharar barci, gizo-gizo ya yi saƙa daga hularsa har kantar littattafai, ga ɓera a gefe sanye da tabarau yana karatu. Na yi dariya, musamman saboda ɓeran nan. Jikata ma har da tsokana, wai "Kaka, ai kai aka zana." Amma da dariyar ta lafa sai abin ya tsaya mini a rai.

Na yi fiye da shekara 20 ina wannan aiki a wani laburare a nan Jos kafin in yi ritaya. Da damina, aikinmu na farko da safe shi ne zubar da ruwan bokitan da muka tara a inda rufi ke yoyo. Da hunturu kuwa, duk da sanyin garin nan, ɗalibai masu shirin JAMB da WAEC kan riga mu zuwa bakin ƙofa. Yawancinsu kujera da shiru suke nema, domin littattafanmu sun girmi iyayen wasunsu. A aljihun teburina akwai allura da zare da gam, na ɗinke littafin da bangonsa ya rabu. Gara ta ci nata, mu mu ɗinke saura.

Abin da mai zanenku bai sani ba shi ne, 'yan uwansa masu zane sun fi kowa taimakona. A tsarin Dewey da muke jera littattafai da shi, lamba 741.5 ita ce mazaunin zanen barkwanci da labaran zane. Tamu kantar wayam take. Sai na sami wata tsohuwar rajista, duk jaridar da ta kwana biyu in yanke zanen cikinta in manna. Wallahi babu littafin da ya sha hannu kamar rajistar nan; sau biyu ina sake mata bango. Yaro zai zo ya buɗe, ya yi dariya, sannan ya tambaya, "Baba, wane ne wannan mai ƙaton tumbin?" In ce je ka ɗauko jaridar ranar ka karanta. Da haka wasu suka fara karatun jarida, har suka wuce kan littattafai.

To, in barci ake nema a zana, a je Abuja. Tsakanin Masallacin Ƙasa da babban cocin ƙasa akwai ginin hedikwatar Laburaren Ƙasa. An ba da kwangilarsa a 2006 kan kuɗi sama da naira biliyan 8. Yaron da aka haifa a shekarar ya isa shiga jami'a, ginin bai karɓi mai karatu ko ɗaya ba. Abin ya kai ga a watan Satumba na 2025 uwargidan shugaban ƙasa ta nemi masu son yi mata kyautar zagayowar ranar haihuwa su zuba kuɗin a asusun kammala shi. Hukumar da aka kafa tun 1964 ke nan, har yau tana raɓe a wani gini. Mu nan Jos kuma ba mu manta gobarar da ta cinye laburaren Jami'ar Jos da ke Naraguta a watan Oktoba na 2016 ba, littattafan da aka daɗe ana tarawa suka zama toka a dare ɗaya.

Ba na cewa babu malalata a cikinmu. Akwai, na zauna da su, har da mai kulle ƙofa tun azahar. Sai dai dukan wanda ba shi da ko sisin sayen sabon littafi abu ne mai sauƙi, kuma alƙalamin mai zanenku ya fi ƙarfin haka.

Roƙona gare shi: ya sake zanen. Ya cire hular daga kaina ya ɗora wa wancan gini na Abuja, ya bar gizo-gizon yadda yake. Ɓeran kuwa kada a taɓa shi. In an buga, zan yanke in kai wa wanda ya gaje ni, don rajistar tana nan, da sauran shafi.

Naku,
Tsohon ma'aikacin laburare,
Unguwar Rogo, Jos.