Sanarwa: jigon rubutunmu na wannan watan

Salam ƴan uwa, barkanmu da warhaka. Jigon wannan karon ƙagaggen labari ne na tarihi a kan mawaƙa biyu, miji da mata, kowa na son sunansa ya fita ga kuma gida da yara na jira.

Don Allah wanda zai rubuta ya fara zaɓar shekara tukunna, saboda ita ce za ta hana ka kwaɓa. Kafin 1925 ba a ɗaukar waƙa da makirfo, cikin wani ƙaton mazurari ake rerawa, kuma faifan garmaho na wancan lokacin kusan minti uku kawai yake ɗauka a gefe guda, in matar ta yi tuntuɓen harshe a baitin ƙarshe sai a sake daga farko, mijin na tsaye yana cika yana batsewa ga jariri na kuka a waje. Dogon faifai, wato mai ɗaukar waƙoƙi da yawa, sai 1948, kaset kuma 1963. To kar mu ga an ba su wayar hannu fa!

Abin da na fi so mu kauce masa shi ne a mayar da komai kishi, ni dai ya gundure ni wallahi. Ku nuna mana ranar da kamfani ya kira ita kaɗai ban da shi, waye zai zauna da yaro mai zazzaɓi, sunan wa aka fara bugawa a jikin faifan, kuɗin hannun wa suke shiga.

A turo kafin ƙarshen wata, banda dogon odiyo.