Bashin cikin gida: a fara sanin wanda ke haihuwa kafin a fara biya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai albarka domin in yi magana da magidanta, musamman na nan Jos, a kan bashin da ya yi wa gidaje da yawa katutu. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabi, mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 kuma bai cike giɓin ba. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, saboda haka ba zargin kowa zan yi ba. Abin da ya dame ni shi ne yadda ake biyan. Yawancinmu wanda ya fi matsa mana lamba shi muke fara ba wa, alhali wanda ya fi cin mu yana can gefe yana ƙaruwa.

Aikin farko na biro da takarda ne, kuma shi aka fi gudu. A samu littafi ɗaya, a ja layi biyar: sunan mai bin bashi, nawa ya rage, nawa yake ƙaruwa a wata, ranar da aka yi alkawari, da abin da zai faru idan ranar ta wuce. A rubuta kowa, har mai shagon unguwa, mai ruwa, mai gawayi da matar da aka karɓi atamfa a hannunta. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Kuma tun da ana fitar da bashi kafin a raba gado, littafin nan rahama ne ga iyali ko da ta Allah ta kasance.

Bari mu ɗauki misali. Ma'aikaci ne mai albashin naira 150,000. Manhajar ba da rance ta waya ta ba shi 30,000, zai mayar da 36,000 bayan kwana talatin. Mai shago yana bin sa 18,000. Makarantar yara tana bin ragowar 45,000. Ƙungiyar gama-kai ta wurin aiki tana bin sa 200,000, ana cire 20,000 daga albashi kowane wata. Sai yayansa da ya ranta masa 60,000. Jimla 359,000. Idan ka tambaye shi wanne ya fi hana shi barci, zai ce na ƙungiya, saboda girmansa. Amma wannan yana raguwa da kansa, cikin wata goma ya ƙare. Na manhajar nan, mafi ƙanƙanta bayan na mai shago, shi ne macijin. Kashi 20 cikin 100 ne a wata. Idan yana biyan 6,000 kawai domin a ɗaga masa ƙafa zuwa wani watan, cikin wata biyar ya biya 30,000 cif, kuma har yanzu ana bin sa uwar kuɗin ba ta ragu da ko kwabo ba. A shekara 72,000 ke nan a kan rancen 30,000.

Akwai wanda ya fi wannan muni, wato rancen mako ɗaya da ake cire lada tun kafin kuɗin ya shigo. A ce an amince maka da 10,000, sai 8,500 su shigo asusunka, bayan kwana bakwai ka mayar da 10,000. Kusan kashi 18 ke nan a mako, ba a wata ba. Mutum ya karɓa daga manhaja ta biyu ya toshe ta farko, daga ta uku ya toshe ta biyu. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, wajen fitowa kuwa sai an yi dubu.

Ko a bankunan ƙananan rance akwai tambayar da ba a cika yi ba kafin a sa hannu: shin kuɗin ruwan a kan ainihin abin da aka karɓa ake lissafa shi har ƙarshe, ko a kan abin da ya rage? Bambancin ba ƙarami ba ne. Rancen 200,000 a kashi 5 a wata na tsawon shekara, idan a kan ainihin kuɗin ake lissafi, ruwansa 10,000 ne kowane wata, wato 120,000, jimla 320,000. Idan a kan ragowa ne, biyan wata kimanin 22,600 ne, jimla kusan 271,000. Kashi 5 ɗin dai ɗaya ne a baki, amma tsakaninsu akwai kusan 49,000. A nemi jadawalin biya a rubuce, a duba kuɗin fom, kuɗin inshora da tarar jinkiri, a kuma tambaya ko akwai tara idan mutum ya biya kafin lokaci. Wanda ke gudun riba saboda addini yana da bankuna irin su Jaiz da TAJ, masu sayo kaya su sayar maka da ribar da aka yanke tun farko. Can ma a lissafa jimlar abin da za a biya, don rashin kuɗin ruwa ba ya nufin kyauta.

To, da me za a biya? Mu koma ga mutuminmu. Bayan cirar ƙungiya yana karɓar 130,000. Abinci 60,000, kuɗin keke da tasi 18,000, wuta da ruwa da gas ko gawayi 12,000, ajiyar haya 10,000, ajiyar kuɗin makaranta na zango mai zuwa 10,000, kati da data 4,000, ajiyar ko-ta-kwana 4,000. Saura 12,000. Wannan shi ne makaminsa, kuma ranar da albashi ya shigo ake fitar da shi, ba a jira a ga abin da zai rage a ƙarshen wata, don ba abin da ke ragewa.

Wani zai ce me ya sa mai bashi zai riƙa ajiyar haya da ta ko-ta-kwana, ba zai zuba duka a bashi ba? Saboda haya a shekara ake biya, makaranta kuma sau uku, zazzaɓin cizon sauro kuwa ba ya sallama. Wanda ya zuba komai a bashi, ranar da mai gida ya ƙwanƙwasa ƙofa manhajar da ya rabu da ita zai koma wa. A nan ne yawancin shirye-shiryen biyan bashi ke rushewa, a wata na uku ko na huɗu.

Tsarin biya a ganina hawa uku ne. Na farko, bashin da zai iya raba ka da muhalli ko ya sa a koro yaro daga aji. Wannan ko ba a biya duka ba, a je a yi magana a tsayar da rana. Na biyu, bashin da ke haihuwa. Na uku, sauran, daga ƙarami zuwa babba. Kada a raba 12,000 gida huɗu a ba kowa 3,000 don a faranta masa. Ba wanda zai ƙare, kuma na manhaja ko ruwansa ba a biya ba. Idan mutuminmu ya zuba 12,000 duka a kan manhaja, in har sun yarda da biya kaɗan-kaɗan, sai ya yi wata huɗu, ya biya kusan 45,800. Idan kuwa ya sayar da tsohuwar waya ko janaretan da ya daɗe bai tayar ba, ya haɗa da 12,000 ɗin ya biya 36,000 a watan farko, ya tsira da kusan 10,000 da wata uku na aiki. Daga nan mai shago, wata ɗaya da rabi. Makaranta, kusan wata huɗu. Yaya, wata biyar. Ƙasa da shekara littafin ya zama fari, kuma daga wata na goma sha ɗaya 20,000 ɗin ƙungiya ta dawo aljihu.

Na sa mai shago a gaba da gangan. Shi ne ke riƙe gidan daga ashirin ga wata zuwa shigowar albashi, kuma jarinsa ƙarami ne. 18,000 a hannunsa katan ne na taliya da ya kasa sarowa. Wanda ya ɓata da mai shagon unguwa ya rufe wa kansa ƙofar bashin da ba ya haihuwa.

Sai maganar zuwa wajen masu bin bashi, wadda kunya ke hanawa. Kashe waya da canza hanya su ke mai da bashi gaba. A je da ƙafa, a ce: “Yaya, kuɗinka 60,000 ban manta ba. Zan fara ba ka 12,000 kowane ƙarshen wata daga watan kaza.” A faɗi adadin da za a iya, ko da ya yi kaɗan, don alkawarin 5,000 da aka cika ya fi na 20,000 da aka saɓa. A makaranta a nemi shugaba ko mai karɓar kuɗi kafin makon jarrabawa, lokacin da ake kora, a rubuta yarjejeniyar, a karɓi rasit a kowane biya. Masu bin bashi su ma su tuna aya ta 280 a surar nan, wadda ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Mabarta kuma, wato waɗanda ake bin su bashi, suna cikin mutum takwas da zakka ta halatta gare su, abin da masu fitar da zakka kan manta.

Bashin banki kuwa ba a guje masa ta hanyar buɗe sabon asusu. Tun 1 ga Agustan 2020 Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da tsarin GSI, wanda ya ba banki damar cire bashinsa daga duk wani asusu da ke ɗauke da lambar BVN ta mai bashin a wani banki. Sunan wanda ya ƙi biya yana kuma shiga kundin kamfanonin tattara bayanan bashi irin su CRC da FirstCentral, ya hana shi rance nan gaba. Don haka kada a ara wa kowa BVN ya karɓi rance, kuma kada a tsaya wa mutum a kan kuɗin da ba za a iya biya ba idan ya gudu. Game da manhajojin da ke tura saƙon cin mutunci ga lambobin da ke cikin wayar mutum, hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ita ke yi musu rajista kuma tana karɓar ƙorafi. A ɗauki hoton saƙonnin a ajiye a matsayin shaida. Google ma tun 2023 ya hana irin waɗannan manhajoji shiga lambobi da hotunan waya. Amma ƙorafi ba ya goge bashin, abin da aka ci sai an biya.

Ta ɓangaren ƙara wa 12,000 ɗin nan kauri, mu a Filato Allah ya ba mu abin da wasu ba su da shi. Masara da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, ta fi sauƙi a Mangu da Katako. Gida uku su haɗa kuɗi su sayi buhu su raba ya fi awon mudu-mudu a shago. A zuba a buhun nan mai leda biyu a ciki, a matse iska a ɗaure kowace leda daban, ba sai an sa magani ba. Amma hatsin ya bushe sarai, in ba haka ba ya yi fumfuna. Tumatir da tattasai lokacin da suka cika Faringada a yanka a shanya. Dankalin Turawa, acca da gwate ba abincin talauci ba ne. Adashi kuma ya dace da haya, a nemi kwasar da ta zo daidai da watan biya. Sai dai wanda ya kwasa da wuri ya sani ya zama mai bashi, ya rubuta shi a littafi. Mai adashin kullum kuwa zubin kwana ɗaya yake ɗauka a wata a matsayin ladansa, a sa wannan a lissafi.

Abin da ke karya gwiwa shi ne shekara tana da tsawo. Maganinsa a riƙa ganin ci gaba da ido. Duk bashin da ya ƙare a ja masa jan layi a gaban uwargida, a sake haɗa jimla kowane ƙarshen wata: 359,000 ta koma 303,000, ta koma 271,000. Uwargida ta san lissafin tun ranar farko, don ita ke riƙe da 60,000 na abinci, kuma ba za ta yi tsimi a kan abin da aka ɓoye mata ba. A kuma bar ɗan abin jin daɗi, ko tsiren 1,500 ne ranar da aka rufe wani bashi. Tsarin da ba shi da wurin numfashi ba ya kai wata uku. Watan da aka kasa, saboda rashin lafiya ko rasuwa, a sanar da masu bin bashi, a ci gaba daga inda aka tsaya.

Sallah, Kirsimeti da bukukuwa su ke da nasu tarkon. Anko ba farilla ba ne, gudunmawa daidai ruwa daidai tsaki. Layya ba ta kan wanda ba shi da hali, ragon bashi kuwa ana cinye shi cikin kwana uku a yi wata shida ana biya. Mai neman hanyar gaggawa ta cacar ƙwallo ko “zuba dubu hamsin ka kwashi ɗari” ya tambayi waɗanda MMM ta rufe da kuɗinsu a Disambar 2016, da na CBEX a Afrilun 2025.

Ranar da aka gama da manhaja, a nemi shaidar cewa bashin ya ƙare, a ajiye hotonta, sannan a goge manhajar daga waya. Za su ci gaba da turo saƙo cewa an ɗaga maka adadin da za ka iya karɓa zuwa 80,000. A toshe lambar.

Na gode da ba ni fili.

Naka,
Mai karatu daga Unguwar Rogo, Jos.