A koya ma masu auna gonaki lissafin digiri, minti da sakan kafin a ba su GPS

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara ma jaridarku albarka. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana kan wani abu da mutane ke ganin ƙarami ne alhali yana iya haɗa maƙwabta faɗa, wato yadda ake shigar da lambobin GPS cikin kwamfuta, musamman a Excel, manhajar nan ta tablo da lissafi.

Tun da anka yi dokar tsarin karkara ta 1993 wadda ta kawo kwamitocin filaye da muke ce ma COFO, aikin rubuta gonaki da rijiyoyi da burtali da makiyaya sai ƙaruwa yake, yanzu kuma kusan ko wace kungiya da ke aiki nan jihar Tawa tana aika matasa ƙauye da GPS ko da salula su ɗauko lambar wuri. Aikin na da kyau wallahi, ba shi nike suka ba. Matsalar sai an dawo biro an zauna gaban kwamfuta take farawa, domin wani na'urarshi ta ba shi digiri da minti da sakan, wani kuma tashi ta ba shi digiri mai waƙafi kaɗai, sai a zuba su duka cikin tablo guda kamar abu ɗaya ne.

Ga misali da garinmu. Tawa tana wajen digiri 14 da minti 53 arewa. Sai yaro ya rubuta 14,53 cikin Excel ya wuce abinshi. To kwamfuta ba ta san minti yake nufi ba, ita ta ɗauka kashi 53 ne cikin 100, alhali digiri guda minti 60 gare shi, minti guda kuma sakan 60, tsarin da anka gada tun daga mutanen Babila. Kamar agogo ne dai, awa ɗaya da minti 30 ai 1,5 ce, ba wanda zai ce 1,30. In ka raba 53 da 60 za ka samu 0,8833, ke nan lambar gaskiya 14,8833. Digiri guda daga kudu zuwa arewa kusan kilomita 111 ne, in ka lissafa tazarar da ke tsakanin 14,53 da 14,8833 ta kai kilomita 39, wato rijiyar da ke Tawa taswira za ta nuna ta can wajen Illela.

Kuma abin lura, irin wanga kuskure a ƙasarmu kullum kudu da yamma yake jan wuri. Mu da muke da dokar 1961 wadda ta shata iyakar noma ta arewa, ka duba mi zai faru in rijiyar makiyaya ta faɗo cikin yankin noma a takarda, ko burtali ya kauce daga inda dattawa sunka zauna sunka yarda da shi. Ko ba a kai ga kilomita ba, minti guda mita 1852 ne, sakan guda kusan mita 31, a gona mita 31 ai kunya nawa ce? Mutane sun zubar da jini a kan abin da bai kai haka ba.

Gyaran ba wuya gare shi. A ware kolon ukku, A da B da C, digiri a na farko, minti a na biyu, sakan a na ukku, sannan a na huɗu a rubuta =A2+B2/60+C2/3600 a ja shi har ƙasa. Digiri 14, minti 53, sakan 24 zai ba ka 14,89 cif. In kuma baya kake son komawa, lambar da ke kafin waƙafi ita ce digiri, ragowar 0,89 ka ninka ta sau 60 ta ba ka 53,4, ga minti 53 ke nan, sai 0,4 ɗin ka sake ninkawa sau 60 ka samu sakan 24. A Excel na Faransanci da akasarinmu ke aiki da shi umarnin ENT ke ciro lambar da ba waƙafi, sai a sa ARRONDI mai cike lamba a kan sakan ɗin don wani lokaci kwamfuta na kawo 23,99999 maimakon 24.

Akwai wata dabara da ni na fi so saboda sauri. Tun da Excel ya san awa da minti da sakan, kana iya rubuta 14:53:24 kamar lokaci, ka ninka sau 24, ka maida akwatin zuwa lamba ta kullum, sai ga 14,89 ta fito, dalili shi Excel yini guda, wato awa 24, yake ɗauka a matsayin 1. Komawa baya kuma ka raba da 24 ka sa ma akwatin tsarin [h]:mm:ss, kada a manta da bakan da ke kewaye da h ɗin in ba haka ba duk abin da ya kai 24 sai ya koma sifili. Ƙasarmu ba ta kai digiri 24 ba ta ko wane gefe, amma masu auna kusurwar gini ko hanya za su ci karo da shi.

Nijar gaba ɗayanta tana arewa da ikwaita kuma gabas da layin Girinwic, shi ya sa lambobinmu ba su da alamar ragi. Amma wanda aiki ya haɗa shi da Wagadugu ko Bamako ya sani can yamma ne, lambar da ragi take zuwa, kuma nan ENT na yaudara, in ka ba shi -1,52 sai ya ce -2. A yi aiki da TRONQUE mai yanke abin da ke bayan waƙafi kawai, ko a cire ragin da ABS a gama lissafi sannan a maida shi. Dabarar agogo ma ba ta ɗaukar ragi, zanen #### kawai za ta cika maka akwati da shi.

Sai rikicin ɗigo da waƙafi, wanda ya fi cin ma mutane lokaci. Salula da manhajoji irin su KoboCollect da ɗigo suke fitar da lamba, 14.89, shi kuwa Excel na Faransanci waƙafi ya sani, sai ya ɗauki lambar a matsayin rubutu ya jingine ta hagu ya ƙi lissafi da ita, mutum yai ta faman cewa kwamfuta ta lalace. A canza ɗigon zuwa waƙafi kawai. In za a koma Google Maps kuma a maida ɗigon, don shi ba ya son waƙafi tsakiyar lamba. Kuma don Allah a bar yanke lambobin bayan waƙafi wai don tablo ya yi kyau, biyar ake so a bari, su ke kai ka kusan mita guda, huɗu mita 11 ne, biyu kuwa ya wuce kilomita. 

Ga shugabannin biro da magadan gari da sakatarorin COFO, akwai gwajin da ba ya ɗaukar minti biyar. Ku buɗe tsohon tablonku ku dubi lambobi biyu na farko bayan waƙafi, in jerin na da tsawo amma ba ko ɗaya da ya kai 60, to da wuya in ba minti ne anka rubuta a gurbin waƙafi ba, a nemo takardun asali a sake lissafi tun masu aikin na nan da ransu da hankalinsu.

Roƙona gare ka Malam Edita, ku ware shafi ko rabin shafi ku buga wanga bayani da Hausa tare da hoton tablon, domin yaran da ake aikawa daji da yawansu da Faransanci anka yi musu horon kwana biyu sunka ce sun gane saboda kunya. Kungiyoyi kuma su rubuta a kan ko wane kolon irin lambar da ke ciki, su daidaita na'urorinsu kan tsari guda tun kafin mota ta tashi, kuma kada a sa hannu kan takardar gona sai an buɗe taswira an nuna ma mai gonar da maƙwabtanshi da mai gari wurin sun ce e nan ne.

Na gode, Allah ya ba mu damina mai albarka.

Mai karanta ku kullum,
daga birnin Tawa