Rahoton Ayyukan Shekarar 2024: Daga Sakatare Zuwa Ga Mambobi

Assalamu alaikum. Shugaba, iyayen ƙungiya, yayyenmu da ƙannenmu masu rubuta manhaja a Bauchi da kewaye, ga bayanin abin da muka yi a shekarar 2024. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai karanta nasa. Ni kan aiki zan tsaya.

Zaman Asabar ya ci gaba a ɗakin da wani dattijonmu ya ba mu aro a Yelwa, Allah Ya saka masa da alheri. Yawancin masu zuwa ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ne da na kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Gwallameji, sai wasu daga shirin 3MTT na gwamnatin tarayya mai koyar da matasa fasahar zamani. Ajin mata na ranar Lahadi ya tsaya da ƙafafunsa, su ke koyar da junansu yanzu. Ziyarar Azare da muka yi alkawari ba ta yiwu ba saboda kuɗin mota, muna ba 'yan uwanmu na can haƙuri.

Aikin da ya fi cin ƙarfinmu bana shi ne rage jiran buɗewar ɗakin aiki na gajimare, wato wurin rubuta manhaja da ke kan kwamfutar wani kamfani, wanda ake shiga ta intanet.

Kun san dalilin da ya kai mu gajimare. Kwamfutocin yawancinmu 'yan gwanjo ne, ka ɗora musu kayan aiki biyu su fara huci. A watan Nuwamban 2022 kamfanin GitHub ya buɗe Codespaces, wato irin wannan ɗakin aiki, ga kowa, da awa 60 kyauta a wata a kan ƙaramar na'ura, ɗalibin da ya yi rajistar ɗalibta kuma awa 90. Nauyin aikin yana kan wata kwamfuta a can nesa, taka burauza kawai za ta buɗe. Manyan kayan da ake saukewa ma can suke sauka, ba sa cin datarka. Wannan ya yi mana daidai.

Sai dai jira ya hana mu cin moriyarsa. A farkon shekara mutum zai danna ya buɗe sabon ɗaki, ya tashi ya yi alwala, ya yi sallar la'asar, ya dawo ya tarar abin yana ta juyi. Akwai wata ƙanwarmu da ke zuwa tun daga Gubi, da kwamfutar da batirinta ba ya riƙe caji. Ranar babu wuta. Ta zauna ta zuba wa allo ido tana kallon layukan rubutu suna wucewa, ɗakin bai gama haɗuwa ba kwamfutar ta mutu a hannunta. Ta rufe ta, ta sa a jaka, ta tambaye ni a hankali ko sai wani satin ke nan. Ban sami abin ce mata ba. Kuɗin motarta na zuwa da komawa ya tafi a banza, kuma laifin tsarinmu ne.

Bayan ƙaramar sallah kwamitin fasaha ya zauna ya bi aikin mataki-mataki. Duk lokacin da aka buɗe sabon ɗaki, sai na'urar ta kwafo rumbun ayyukanmu, ta ɗauko hoton tsarin Docker (wato shiryayyen kwafin tsarin kwamfutar da ake gina ɗakin a kai), ta girka kayan da darasi ke buƙata, sannan ta bi umarnin da muka rubuta mata. A kowane mataki mun tarar da kayan da mu muka jibga da hannunmu. Rumbu ɗaya muke amfani da shi ga dukkan azuzuwa, har da bidiyon darussa da hotunan taro a ciki. Fayil ɗin devcontainer.json kuma, wanda ke gaya wa na'urar kayan da za ta girka a ɗaki, mun cusa masa Python da Node da PHP da MySQL gaba ɗaya, wai don kada wani ya nemi abu ya rasa. Yaron da ya zo koyon HTML sai ya jira an girka masa kayan masu nazarin bayanai.

Abin da ya ƙarfafa mana gwiwa shi ne labarin injiniyoyin GitHub ɗin kansu. A 2021 sun bayyana cewa rumbunsu ya kusa gigabait 13, kuma haɗa ɗaki ɗaya yana ɗaukarsu minti 45. Suka rage shi zuwa minti 5, daga baya zuwa daƙiƙa 10, ta hanyar haɗa ɗakunan tun kafin a nema. Muka ce in mai babban kaya ya iya, mu ba mu da uzuri.

Muka raba rumbun, kowane aji da nasa, bidiyo ya koma wani wuri. Muka jera umarnin Docker yadda abin da ba ya yawan canzawa zai zo a farko, don kada gyaran layi ɗaya ya sa a sake ginin daga tushe. Sannan muka kunna haɗin tun gaba, wanda yaran aji suka raɗa wa suna ɗumame: an yi tuwon tun dare, da safe ɗora shi kan wuta kawai za a yi. Sunan ya bi shi.

Makon farko ɗumamen bai rage komai ba, har wasu suka fara cewa aikin banza ne. Wata 'yar ajin mata ce ta gano matsalar. Umarnin girka kaya mun ajiye shi a sashen fayil ɗin devcontainer.json mai suna postCreateCommand, shi kuwa ba ya gudana sai mutum ya buɗe ɗakinsa. Waɗanda ake aiwatarwa tun a ɗumame su ne onCreateCommand da updateContentCommand. Layi ɗaya ta ɗauke daga nan ta mayar can. Yanzu kafin ka gama jona caja ka gyara zama, ɗakin ya buɗu. Ina roƙon a rubuta mata godiya a littafin taro.

Mun yi kuskure guda da ya kamata ku sani. Mun bar ɗumame yana sake haɗuwa duk lokacin da wani ya tura gyara, kuma a dukkan yankunan da kamfanin ke da cibiya. Kowane kwafi gurbin ajiya yake ci. Gurbin kyauta na asusun da ke riƙe da rumbunan ya ƙare wata bai ƙare ba, ƙari kuwa da dala ake biya, a shekarar da dala ta haura naira 1,500. Yanzu yanki ɗaya muka zaɓa, Yammacin Turai da ya fi kusa da mu, kwafi ɗaya ake ajiyewa, kuma ranar Juma'a da dare ake haɗawa don zaman Asabar.

Akwai abin da ɗumame bai magance ba. Ranar 14 ga Maris, cikin azumi, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, zaman makon bai yiwu ba. A ƙarshen Oktoba kuma Arewa ta kwashe kwanaki cikin duhu. A nan dai muka ga amfanin aikin: litar fetur ta haura naira dubu, awa ɗaya muke iya kunna janareta, kuma kusan duk awar a karatu ta tafi. Ɗan jinkirin da ake ji tsakanin danna harafi da fitowarsa, musamman in sabis ya yi rauni, nisa ne ke kawo shi. Wasu sun kawo shawarar mu yi hayar na'urarmu a cibiyar AWS (gajimaren kamfanin Amazon) ta Cape Town da aka buɗe a 2020, ko ƙaramin reshenta na Legas na 2023. Kwamiti ya ce aljihunmu bai kai ba, ni ma ra'ayina ke nan a yanzu.

Ƙannena, ku riƙa kashe ɗaki in kun gama. In kun bar shi, sai ya yi minti 30 babu motsi kafin ya tsaya da kansa, kuma daga awanninku ake cira. Ɗakin da aka tsayar aka yi kwana 30 ba a waiwaye shi ba, gogewa ake yi. Wani ɗan uwanmu ya tafi hutu bai tura aikinsa rumbu ba, ya dawo ya tarar babu komai, aikin kammala karatunsa ne kuwa. Mun taya shi sake rubutawa, amma ya sha wuya.

Abin da ke damuna game da baɗi shi ne mutum biyu kacal suka san yadda ake gyara tsarin nan, kuma ɗayansu zai tafi bautar ƙasa. Muna neman masu koyo daga kowane aji kafin ya tafi. Kwamiti kuma yana so a sayi kwamfutar tebur mai ƙarfi guda ɗaya da ƙaramar sola, tunda fayil ɗin da ke haɗa ɗaki a gajimare yana iya haɗa irinsa a kan na'urar da ke gabanmu ranar da intanet ta ɗauke. Ma'aji ya je Wunti ya jiyo farashi, zai kawo muku shi bayan wannan rahoto, sai a kaɗa ƙuri'a. Mai son koyon gyaran tsarin ya ba ni sunansa kafin a tashi.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya, Bauchi.